Kundin aikina a kan yis mai tsagewa

14 ga Oktoba, 2024

Yau malamata ta ciro wani ɗan kwali daga firizar nan mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, ta ajiye mini a kan ƙanƙara, ta ce ga dabbobina nan, in kula da su. Ƙananan kwalabe ne masu murfi, kowacce da lambarta, yis ne a ciki a daskare. Na sa tsinke na kankaro kaɗan daga guda biyar, na shafa a faranti biyar, na kai akwatin ɗumi na digiri 25. Aiki ya fara ke nan. Zan riƙa rubuta yadda yake tafiya, da daɗi da ba daɗi, don in wata rana na manta abin da na yi in sami wurin dubawa.

Wannan ba yis ɗin burodi ba ne. Na burodi ƙulu-ƙulu yake, in zai haihu sai ya fitar da ɗan ƙurji a gefe, ƙurjin ya girma ya ɓalle. Nawa dogo ne kamar ƙwayar shinkafa, yana ƙara tsawo ta bakinsa biyu har ya kai kusan maikiron 14 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), sannan ya ja katanga a tsakiyarsa ya tsage. Sunansa na boko Schizosaccharomyces pombe. Wani Bajamushe, Paul Lindner, shi ya fara bayyana shi a 1893, daga giyar gero ta Gabashin Afirka, kuma pombe giya ke nan da Suwahili. Kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwaya, uku kacal gare shi. A jikinsa Paul Nurse ya gano cdc2, wanda ke ba ƙwaya izinin rabuwa, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2001.

Da daddare na kira gida, na yi kuskuren ba Baba labarin sunan. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To 'yar nan, ba dai sha ake yi ba ko?" Na ce a'a Baba, ƙirga su kawai nake yi. Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a, a dai riƙa wanke hannu."

Tambayar da aka ba ni ita ce wannan. A rabuwar yau da kullum, ƙwaya tana kwafe kuromosom ɗinta sau ɗaya, ta rabu sau ɗaya. A mayosis, wato rabuwar da ke samar da iri, kwafi ɗaya ake yi amma rabuwa biyu, ɗaya bayan ɗaya, babu sabon kwafi a tsakani. To me ke riƙe ƙwaya a ɗan lokacin nan na tsakiya, ya hana ta ɗauka cewa ta gama ta koma gida? Tazarar nan zan auna, da abin da ke faruwa a cikinta.

23 ga Oktoba

Gwajin aidin, don in tabbatar abin da aka rubuta a jikin kwalabe shi ne a ciki.

Yis ɗin nan jinsi biyu ne, h+ da h-, sai wani na uku, h90, mai sauya jinsi da kansa, saboda haka shi ba ya rasa abokin aure ko da daga ƙwaya ɗaya tal ya taso. Kusan duk wanda ke wannan aiki a duniya zuriyar da Urs Leupold ya ware yake amfani da ita, masu lamba 968, 972 da 975. Na shuka su a farantin tsamiyar sha'ir, abincin da naitirojin ya yi masa ƙaranci, na bar su kwana uku.

Yau na zuba 'yan duwatsun aidin a murfi, cikin akwatin zuƙe hayaƙi, na kifa farantin a kai. Ban kai ga ƙirga sittin ba, tsibin h90 ya fara rinewa, daga ruwan ƙasa ya koma baƙi kamar an ɗiga masa tawada. Na h- da ke gefensa yana nan rawaya-rawaya, ko gezau. Bangon irin ne ke ɗauke da wani abu dangin sitaci, shi aidin ke kamawa. Baƙi na nufin an yi aure, an yi mayosis, an haifi iri.

A madubin ƙara girma kuma abin ya fi kyau. Ƙwayoyi biyu da suka haɗe sun lanƙwashe kamar lauje, a ciki ga iri huɗu a jere, kamar wake a kwansonsa. Na daɗe ina kallo har wani ya zo yana jiran madubin.

Aidin yana kashe su, sai da na tuna na riga na kwafe farantin tukuna hankalina ya kwanta.

1 ga Nuwamba

Makon nan karatu na yi, hannuna bai taɓa faranti ba sai don sabunta shuka.

Na shigo da tunanin cewa akwai wani maɓalli da ake dannawa mayosis ya tashi. Ashe ba haka abin yake ba. Mayosis kullum a ɗaure yake, kamar ingarma a turke, kuma yawancin wahalar da ƙwaya ke sha ta riƙe shi ce. In lokaci ya yi, ba tura shi ake yi ba, igiyoyi ake kwancewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga yunwa ake farawa. In naitirojin ya yanke, saƙonnin da ke ce wa ƙwaya "akwai abinci, ci gaba da girma" sai su yi sanyi, wani furotin mai suna Ste11 ya sami sarari ya buɗe layukan gadon da suka shafi aure. A cikinsu har da mei2, wanda shi ne ingarman da kansa. Amma ana ƙera Mei2, sai Pat1 ya tare shi ya liƙa masa fosfet a wuri biyu, Ser438 da Thr527. Da wannan tambarin a jikinsa, wani furotin, Rad24, yake cafke shi, kuma ba ya daɗewa ake narkar da shi. Yunwa kaɗai ba ta isa ba ke nan.

Sai an sami aboki. H+ da h- suna aika wa juna ƙamshi, kowa ya miƙa baki wajen ɗan'uwansa har su haɗe. A nan dabarar take. Kowane jinsi yana riƙe da rabin mabuɗi, ɗaya Pi, ɗaya Mi, kuma rabi biyun ba sa taɓa zama a ɗaki ɗaya sai bayan haɗewa. Da sun haɗu sai su buɗe mei3. Shi kuma Mei3 ɗan ƙaramin furotin ne da ke shiga bakin Pat1 ya yi kamar shi ne abin da za a yi wa tambari, ya toshe shi. Pat1 ya kama bakinsa, Mei2 ya tsinke igiya.

Na ɗauka an zo ƙarshe, ashe da saura. Ko a lokacin da ƙwaya ke cikin wadata, ana ɗan rubuta saƙonnin RNA na wasu layukan mayosis, irin su mei4, amma ba sa kai labari. Akwai mai shara, Mmi1, wanda ke gane su ta wata alama, jerin haruffa shida UUAAAC da ake maimaitawa, ya miƙa su ga injin niƙa na cikin cibiyar ƙwaya. In aka cire Mmi1 daga ƙwayar da ke cikin girma, da ƙyar take rayuwa, sai an haɗa da cire mei4 take farfaɗowa. To abin da Mei2 ke yi in ya kuɓuta shi ne ya haɗa kai da wani dogon RNA da ba a ƙera furotin da shi, meiRNA, wanda ake rubutawa daga sme2 a kuromosom na biyu. Shi wannan RNA cike yake da alamar nan ta haruffa shida. Mmi1 ya ga banza ya faɗa, aka riƙe shi a wuri ɗaya, saƙon mei4 ya wuce lafiya. Mei4 kuma ya buɗe layuka masu yawa da ake bukata don rabuwar kanta.

Mei3 ya ɗaure Pat1, wanda ke ɗaure da Mei2, wanda zai ɗaure Mmi1, wanda ke cinye mei4. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Kaso mai tsoka na wannan labari daga ɗakin binciken Masayuki Yamamoto na Jami'ar Tokyo ya fito: pat1 a 1985, shekarar da Nurse ma ya same shi ya sa masa suna ran1, Mei2 da meiRNA a 1994, Mmi1 a 2006. Shekara ashirin da ɗoriya a kan igiya huɗu.

Dalilin wannan tsantseni lissafi ne kawai. Ƙwayar da ba ta yi aure ba kuromosom uku gare ta. In ta kwafe sun zama shida. A raba shida ga 'ya'ya huɗu, alhali kowanne uku yake bukata, yawancinsu gawa za a haifa.

6 ga Nuwamba

Gwaji na farko. Ya watse.

Matsalar auren gaske ita ce kowa da lokacinsa, wasu sun gama wasu ba su fara ba, ba za ki iya auna komai a cikin taro irin wannan ba. Shi ya sa ake amfani da pat1-114, Pat1 mai tawaya, wanda ke aiki a digiri 25 amma ya sume a 34. A ɗaga zafi, duk gorar ta shiga mayosis tare, ba aure ba Mei3. Wadda nake amfani da ita mai kwafi biyu ce na kowane kuromosom, h- da h-, don kada ta fara da kanta.

Na raine su a 25, na wanke su, na bar su awa 15 babu naitirojin don su tsaya a layi ɗaya kafin kwafi. Da safe na mayar musu da ɗan naitirojin kaɗan, na tsoma gorar a bahon ruwan zafi mai girgiza. Duk rabin awa ina ɗiba ina zubawa a barasar gwaji mai sanyi. Da yamma na rina su da DAPI, wanda ke sa DNA ƙyalli shuɗi, na zauna ƙirga cibiya: ɗaya, biyu, ko huɗu.

A awa ta shida ya kamata yawancinsu su kai huɗu. Ni kuwa tarkace na gani, masu ɗaya da masu biyu da masu huɗu duk a cakuɗe, har awa ta takwas.

7 ga Nuwamba

Na tsoma ma'aunin zafi na gilashi a cikin bahon. Allon na'urar yana cewa 34, ruwan kuwa bai fi 32 ba. Na manna takarda a jiki na rubuta gargaɗi da manyan baƙi. Wani ɗalibi da ya girme ni a ɗakin ya karanta ya ce ai kowa ya sani. Kowa ban da ni.

19 ga Nuwamba

Karo na biyu, zafi daidai, rabuwa ta tafi tare, amma ƙwayoyin sun yi mini ƙanana, kuma cibiyoyin da suka fito ba girmansu ɗaya ba, wata ƙatuwa wata kamar ɗigon allura.

Wannan karon laifina ne. Mai kwafi biyu ba ta son zama haka, da ta sami hanya sai ta yar da rabi ta koma tilo. Abin da ke tilasta mata zama shi ne tawaya biyu daban a layin ade6, M210 a kwafi ɗaya, M216 a ɗayan. Kowacce ita kaɗai ba ta iya ƙera adenin, amma in suna tare suna rufa wa juna asiri. Saboda haka dole a raine ta a abincin da babu adenin. Ni kuwa don sauri na sabunta ta sau biyu a abinci mai komai da komai. Tilo suka yi yawa suka mamaye.

Na shuka a faranti mai jan rini, fuloksin. Masu kwafi biyu sun fi rinewa, tilo sun fi haske. Farantina kusan duk haske ne. Abin da na gani ranar nan a madubi shi ne lissafin shida a raba wa huɗu da na rubuta da hannuna mako biyu da suka wuce. Na koma firiza na ɗebo sabo.

3 ga Disamba

Alhamdu lillahi.

Har awa huɗu da rabi kusan kowa cibiya ɗaya. Wajen awa ta biyar masu biyu suka ɓullo ko'ina. Ban ankara ba, a ɗiba ta gaba da wadda ke bin ta, masu huɗu sun rinjaye. Ƙwaya 200 nake ƙirgawa a kowace ɗiba, da ɗan abin ƙirga mai maɓalli uku a hannun hagu, ɗaki duhu, ido ɗaya a madubi. Da na tashi wuyana ya ƙi juyawa. Na'urar auna yawan DNA kuma ta nuna an yi kwafi wajen awa ta biyu, sau ɗaya, ba a sake ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gajartar matakin cibiya biyu. Kafin rabuwar farko an yi awa biyar ana shiri, amma tsakanin ta farko da ta biyu kamar ƙiftawar ido. Ɗiba duk rabin awa ta yi faɗi, kamar mai tatar kamu da kwando. Nan gaba daga awa huɗu zuwa shida da rabi duk minti goma sha biyar zan ɗiba.

Na fito ƙarfe biyar na yamma, gari ya yi duhu tun tuni, ga sanyi mai shiga ƙashi. Ban damu ba.

12 ga Disamba

Yau ba ƙirga, kallo kawai. Wata abokiyar aiki ta ba ni awa uku daga lokacinta a babban madubi mai ɗaukar hoton masu rai, da h90 wanda aka liƙa wa furotin mai ƙyalli.

Na sha karantawa cewa kafin rabuwar farko cibiya tana miƙewa ta yi ta zirga-zirga daga wannan baki zuwa wancan, har ana kiran matakin wutsiyar doki. Gani ya kori ji. Kai ne siriri a gaba, jiki na biye a baje, ta je ƙarshen ƙwaya ta juyo, izgar ta biyo baya a makare, daidai yadda ta doki ke yi in ya yi kwana a guje. Haka take yi har wajen awa biyu. Bakunan kuromosom duka ne suka taru wuri ɗaya a jikin abin da zai zama turken sandar rabuwa, wato sandar da ke ja kuromosom gefe biyu, injin dainin yana jan su a kan igiyoyin cikin ƙwaya. Chikashige da Hiraoka da abokan aikinsu suka nuna taruwar bakunan nan a 1994. Da yake an kama su ta baki ana ja, kowane kuromosom sai ya daidaita da takwaransa mai tsawo irin nasa, su jeru, su yi musayar gutsattsari.

A wata zuriyar kuma na ga Mei2: ɗigo ɗaya tak, kore, a cikin cibiyar, yana bin zirga-zirgar. Nan ne aka tsare Mmi1. Duk dogon labarin da na rubuta ranar 1 ga Nuwamba, ga shi a ɗigon da bai kai a ce an gan shi ba. Dab da rabuwar farko ya ɓace.

9 ga Janairu, 2025

An dawo hutu, na shiga ainihin tambayata.

Abin da ke tura ƙwaya cikin rabuwa shi ne Cdc2 da abokinsa Cdc13. Abin da ke fitar da ita kuma shi ne narkar da Cdc13, aikin wata babbar na'ura da ake kira APC/C. A rabuwar yau da kullum ana share shi tas, ƙwaya ta koma farko ta yi sabon kwafi. A ƙarshen rabuwar farko ta mayosis kuwa, dole na'urar ta yi aiki don kuromosom su rabu, amma in ta cinye Cdc13 duka babu guzurin rabuwa ta biyu. Sai a rage mata ƙarfi. Mai yin wannan shi ne Mes1, ɗan ƙaramin furotin, ɗaya daga cikin waɗanda Mei4 ke buɗewa. Yana tsayawa a bakin na'urar yana gasa da Cdc13, ita kuma tana cin sa a hankali. Kafin ta gama da shi, ragowar Cdc13 ta tsira. Salon Mei3 da Pat1 ne aka sake, salon meiRNA da Mmi1 ne aka sake: in ana so a tsayar da mai ci, a cika masa baki da wani abu.

Na yi gwajin gefe da gefe, lafiyayyiya da wadda aka cire wa mes1. Ta biyun ta kai cibiya biyu a kan lokaci, ta tsaya nan cak. Awa ta bakwai, ta takwas, biyu dai biyu.

Amma hoton furotin, inda kowane furotin ke fitowa kamar layi mai kauri gwargwadon yawansa, bai gamsar da ni ba. A marar mes1, layin Cdc13 ya dushe da wuri, wannan a fili yake. A lafiyayyiya kuwa ina neman in ga ya ɗan ragu sannan ya ɗago, sai na ga layi ɗaya sumul har ya ɓace. Ba wai bai ragu ba ne. Miliyoyin ƙwayoyi na niƙa tare, wasu sun riga wasu da minti goma ko ashirin, kuma abin da nake nema bai fi haka tsawo ba. Ramin wannan ya cike da tudun waccan.

21 ga Janairu

Na gabatar a taron ɗaki. An yaba ƙirgar, sannan wani dattijon mai bincike da ba ya yawan magana ya tambaye ni ko wace tazara nake aunawa, ta mayosis ko ta digiri 34.

Na ji zafin tambayar amma gaskiya ce. Zafi da kansa yana taɓa mayosis, iri masu rai suna raguwa. Ga kuma ƙamshin aure da aka tsallake: a mayosis ɗin pat1 da babu wannan saƙo, kuromosom ba sa rabuwa yadda ya kamata a karon farko, sai an dasa wa zuriyar mat1-Pc, wani layin gado na jinsin h+, don saƙon ya tashi. Na shiga gida ta taga, ina mamakin yadda ɗakin ya yi mini daban.

An yanke shawara biyu. In koma pat1-as2, wanda aka sauya wa baƙi ɗaya a aljihun da ATP, makamashin ƙwaya, ke shiga, ta yadda maganin 1-NM-PP1 zai toshe shi shi kaɗai, a digiri 25, ba zafi. Kuma in daina niƙa, in bi ƙwaya ɗaya-ɗaya da Cdc13 mai ƙyalli. Ni a raina na fi son in tafi kai tsaye ga h90 mai auren gaske, tunda in ɗaya-ɗaya zan bi ba na bukatar su tafi tare. Malamata ta ce in yi duka ukun, sai a san abin da kowace ƙofa ke sauyawa. Aiki ya ninka uku ke nan.

4 ga Fabrairu

Haɗa aure da tsince iri. Ana ɗaukar jakar iri ɗaya da allurar gilashi, a ajiye, a jira bangon ya saki, a raba iri huɗun a jera su a layi. Rana ta farko na farfasa aga, wato daskararren abincin faranti, fiye da yadda na tsinci iri. Yau na yi jaka goma sha biyu lafiya, uku sun ɓace mini a faranti.

20 ga Fabrairu

Kafin in amince da sabuwar zuriya sai na tabbatar rabuwar farkonta ta gaske ce. An sa alama mai ƙyalli kusa da ƙugun kuromosom na ɗaya, a kwafin iyaye ɗaya kawai. Bayan kwafi alamar ta zama tagwaye. A rabuwar farko dole tagwayen su tafi gefe ɗaya tare, sai a ta biyu su rabu.

Abin da ke manne su zobe ne mai Rec8. A karon farko ana yanke shi a hannuwan kuromosom, a bar na ƙugu. Mai gadin na ƙugun shi ne Sgo1, wanda ɗakin Yoshinori Watanabe ya gano a wannan yis ɗin a 2004, suka sa masa suna shugoshin, wato mai tsaro da Japananci. Kafin rabuwa ta biyu ya tafi, sai a yanke ragowar. Nan ma dai ragi aka yi aka bar saura, kamar Cdc13.

A sabuwar zuriyar mai mat1-Pc, kusan duk masu cibiya biyu da na duba ƙyallin yana gefe ɗaya. A tsohuwata ta Disamba kuwa na yi ta cin karo da masu ƙyalli a gefe biyu. Ƙirgar cibiya da na yi murna da ita ba ta iya ganin wannan ba. Na je na gaya wa dattijon nan, ya gyaɗa kai kawai ya ci gaba da wanke kwalabensa.

5 ga Maris

Azumi ya kama, kuma yau ce ranar dogon gwaji a 25. Komai ya fi jan lokaci a wannan sanyin. Na ɗiga maganin ƙarfe takwas na safe, na shimfiɗa kaɗan a ƙarƙashin babban madubi, hoto duk minti uku, sauran kuma a gora ina ɗiba.

Su na hana su abinci awa 15, ni ma ga ni nan. Inna ta kira da la'asar ta ce, "Ke da 'yan yis ɗin naki wa zai riga shan ruwa?" Na ce ni ce Inna, su sai sun haihu. Magariba ta same ni tsakanin ɗiba biyu. Ba a cin komai a ɗakin gwaji, na cire safar hannu na fita baranda da dabino uku da gorar ruwa, agogo a hannu, na dawo da saura minti biyu.

6 ga Maris

Na buɗe hotunan. Wajen awa ta shida gilashin ya ɗan zame, rabin wuraren da na zaɓa sun fita daga saiti, sai hazo. A sauran akwai ƙwaya tara da zan iya bi daga wutsiyar doki har cibiya huɗu.

A ta farko da na bi, ƙyallin Cdc13 ya cika cibiya, ya hau sandar rabuwa, sannan ya dushe sa'ad da cibiyar ke rabewa. Na matsa hoto ɗaya, biyu, uku, ina jiran ya mutu. Bai mutu ba. Ɗan haske ya rage a cibiyoyin biyu, kamar garwashi a ƙarƙashin toka, sannan ya sake tashi, sanda biyu suka fito. Bayan rabuwa ta biyu ne ya ɗauke gaba ɗaya. Na mayar baya na sake kallo sau huɗu.

Tara ba ta isa a faɗi komai ba, kuma ban auna hasken da lamba ba tukuna, da ido kawai na gani. Ga marar mes1 a 25 ba a yi ba, ga h90 ba a taɓa ba. Na nemi madubin ranar Talata, an ce a cike yake sai dare, daga ƙarfe tara. Na karɓa. Sai in sa su yunwa ranar Litinin da tsakar dare, in tuna in manne gilashin da kyau, in zo da abin sahur a jaka.